Ranar da Ghali Ya Yabi Kantoma

Tudun Wada, Kaduna
Farkon damina

Baffa Almustafa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ya aiki, ya zafin Riyad? Mu nan alhamdulillahi, ruwa ya sauka, kwatar ƙofar gida ta koma halinta na kowace shekara. Umma tana gaishe ka, ciwon ƙafar da sauƙi. Ni har yanzu ina asibitin unguwa, ɓangaren masu awon ciki.

Na rubuta a takarda na ɗauki hotonta kamar yadda ka fi so, tunda ka ce a ɗakinku ba a sauraron saƙon murya sai kowa ya sa baki.

Baƙo muka yi ranar Asabar: Baba Dabo, abokin waƙarku kai da marigayi Abbana. Umma ta ce rabonsa da gidan nan tun ina firamare. Ya zo da baƙar mota mai duhun gilashi, ya zauna a tabarma yana kuka yana kiran sunan Abba. Ya ce lokaci ya yi da za a tuna da ƙungiyarku ta Tartsatsi, domin yaran da ke rap da Hausa yanzu ba su san ku uku kuka share musu hanya a Kaduna ba. Ya ce akwai kaset na biyu da bai taɓa fitowa ba, yana wajenka, kuma zai biyo ta Riyad idan ya gama Umra.

Umma kuwa ko ruwa sai da na tuna mata ta kawo masa. Amma ni tun ranar hankalina bai kwanta ba. Ina goye Abba ya rasu. Abin da na sani na muryarsa shi ne kaset ɗinku na farko, wanda in an kunna kamar ana ruwa a kan kwano, ba a rabe muryar wani da ta wani. In da gaske akwai inda muryarsa ta fita tas, don Allah Baffa ka bar ni in ji.

'Yarka,
Muhibba

*

Riyad

'Yata Muhibba,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya. Zafi kam sai godiya, sitiyarin bas ma sai na naɗe hannu da tawul nake kama shi da azahar. Aikin bai canza ba: in kwaso leburori daga sansani in kai su wurin gini a Dir'iyya, in dawo da su da yamma. Ki gaida Ummanki Hajjo, ki ce mata ta rage tsayuwa.

Dabo ya zo. Amma tunda kin tambaya, bari in fara miki daga tushe, don uwarki ba za ta taɓa ba ki labarin nan ba, ba ta ƙaunar waƙar tun asali.

Ubanki Ghali ɗinki yake koyo, ni ina gyaran rediyo, Dabo kuma ba ya komai sai surutu. Wani ya kawo mini rediyo gyara ya manta kaset na baƙaƙen Amurka a ciki. Ba ma jin ko kalma ɗaya, amma Ghali ya ce, “Yaya, mutanen nan ba waƙa suke ba, faɗa suke yi a kan kiɗa. Mu ma ai muna da abin faɗa.” Shi ke rubutawa a bayan takardar awon kaya, ni ina buga benci ina kiɗa da baki, Dabo yana amshi. Ranar da muka fara hawa dandamali a filin wata makaranta, da ledar ruwa aka jefe mu. Dattawan unguwa suka ce mun zama 'yan iska masu wandon buhu. Sai ga wahalar man fetur, muka yi “Layin Mai”, kafin ka ce me direbobin tasha sun haddace ta. Shi ne kaset na farko, wanda aka yi ta kwafa daga kwafi har ya koma ruwan kwanon da kike ji.

Na biyun daban ne. A situdiyon wani bawan Allah, Oga Bitrus, muka yi shi, da kayan aiki na gaske. Babbar waƙar ciki ita ce “Rusau”. Lokacin kantoman ƙaramar hukumarmu, Uwais, ya turo buldoza ta share rumfunan bakin titi ba gargaɗi, har da rumfar kakarki Inna, da tukwanen waina a kan wuta. Inna ba ta sake sana'a ba har ta koma ga Allah. Ghali ya kira sunan mutumin ɓaro-ɓaro a waƙar. Kafin kaset ya fito rikicin Kaduna na shekarar dubu biyu ya tashi, situdiyon ya ƙone, Oga Bitrus ya koma garinsu. Kwafin da ya ba ni in saurara a gida shi kaɗai ya tsira. A bayansa akwai Ghali shi kaɗai ba kiɗa, yana gwaji. Bayan hatsarin hanyar Zariya da ya ɗauke Ghali ban sake iya kunna shi ba, amma duk inda na je yana cikin akwatina.

Da Dabo muka haɗu ranar Juma'a a lambun gidan tarihi na Al-Murabba. Gaskiya ganinsa bai yi mini daɗi ba. Turarensa ya riga shi isowa, waya a kowane hannu, yana rungume ni yana duba ko rigata ta shafa masa ƙura. Na saya masa shinkafar kabsa, ya ci yana ba ni labarin manyan da yake shiga gidajensu. Da na fito da kaset sai ya ɗora shi a goshi yana kuka har da majina. Na ji kunyar mutanen da ke wucewa.

Ba don shi na ba da ba, don ke na bayar. Ya ce akwai na'urar da ke wanke tsohon sauti ya dawo sabo. Na ce masa na yarda, ya yi duk abin da ya kamata muryar Ghali ta fito duniya ta ji, amma ke za ki fara ji. Ki sa ido, zai kawo miki.

Baffanki,
Almustafa

*

Tudun Wada, Kaduna

Baffa,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya. Mu jikinmu lafiya.

Na ji muryar Abba. Ba Dabo ne ya kawo mini ba, motar kamfen ce.

Ina cikin auna wata mai ciki sai ga mota da lasifika ta tsaya a ƙofar asibiti, an lulluɓe ta da hotunan Alhaji Uwais mai neman sanata. Mai shela ya ce, “Ku saurari marigayi Ghali na Tartsatsi, abin da ya hango tun kafin a haifi wasunku!” Sai murya ta tashi, tas, kamar mutumin yana tsaye a bakin taga. Baffa, na saki abin awo na fita ba takalmi. Na tsaya a rana ina kuka ina dariya, ina ce wa masu sayar da awara, “Ubana ne! Wallahi ubana ne!” Ban ma ji abin da yake faɗa ba sai da aka maimaita:

“Ka gina hanya, ka gina rumfa,
Uwais, kai ne gatan Inna.”

Na karɓi waƙar a wayar wani na kai wa Umma da gudu. Tana tankaɗe. Ta saurara har ƙarshe, ta ajiye rariya, ta zagaya bayan ɗaki ta yi amai. Da ta dawo ta ce, “Mutumin da ubanki ya mutu bai yafe wa ba.”

Na ce ko dai Abba ya canza ra'ayi kafin ya rasu? Ta ce in sake faɗin haka in gani. Sai ta sa na karanta mata takardarka, na zo wurin da ka ce ka yarda Dabo ya yi duk abin da ya kamata muryar ta fito duniya ta ji. Ta ce in tsaya nan, ta gane. Ta ce ashe da saninka, ashe zaman Saudiyya ya gajiyar da kai har ka kai ga sayar da ƙaninka yana kabari.

Ni ban ce haka ba. Amma ka ce ni zan fara ji, sai ga shi duk Kaduna ta riga ni, har 'yan acaba sun sa ta a waya. Na kira Dabo bai ɗauka ba. Ka faɗa mini gaskiya: Abba ya yi wannan waƙar ko bai yi ba? In bai yi ba, wane ne wannan da na tsaya a titi ina kira ubana?

Muhibba

*

Tudun Wada, Kaduna

Baffa,

Sallama. Ina ta duba waya, ko alamar ka buɗe saƙona babu. Na kira, a kashe.

Umma ta ce shirun ma amsa ce. Ta ce in gaya maka kada ka aiko da komai na Sallah bana, in ka aiko za ta mayar. Jiya wasu mata suka zo yi mata barka, wai ashe mijinta mutumin Alhaji ne tun da can, ta sa baki a samar wa 'ya'yansu aiki. Da muciya ta raka su ƙofa.

An buga hoton Abba a fosta kusa da na Alhaji Uwais. Hoton ku uku ne na filin makaranta, an yanke ka, an bar shi da Dabo. Akwai ɗaya a jikin bangon masallacinmu, awaki sun cinye rabinsa.

In kana da rai ka yi magana.

Muhibba

*

Riyad

'Yata Muhibba,

Wa alaikumus salam. Ina da rai, da ƙyar. Zafi ne ya kayar da ni a wurin aiki, na farka a asibiti da ƙarin ruwa a hannu, ƙoda ta so ta ba da matsala. Wayata tana kulle a sansani duk tsawon kwanciyar. Yanzu na warware, kada ki damu, kada kuma ki gaya wa Hajjo don ta tausaya mini, ba na neman tausayi.

Amsarki ita ce: Ghali bai yi wannan waƙar ba. Bai taɓa yi ba, ko a mafarki.

Ni ma ban ji ta daga gare ki ba. Ranar da na koma aiki, ban ko buɗe saƙonninki ba, ina tuƙi a hanyar Dir'iyya bas cike, sai wani mai ɗaurin rodi ɗan Rigasa ya kunna waya a bayana. Muhibba, na ji ƙanina. Saura kaɗan in kai wa shingen titi karo. Na tsaya a gefe, Bangaladawa suna ta “yalla, yalla”, na karɓi wayar na saurara. Numfashinsa ne, yadda yake jan ƙarshen kalma ne, har ɗan kakkaryewar da muryarsa ke yi in ya ɗaga ta. Amma bakin ba nasa ba ne. Abin da Ghali ya faɗa shi ne:

“Ka rushe rumfa, ka rushe tukunya,
Uwais, ina za ka kai hakkin Inna?”

Na sauka na tofar da yawu har bakina ya bushe, ɗacin bai fita ba.

Allah da ikonsa, a makon nan ayarin Uwais suka sauka Riyad, an kawo shi duba lafiya, Dabo yana cikin 'yan rakiya. Mai ɗaurin rodin ne ya nuna mini hotonsu a waya. Ranar Juma'a na hau jirgin metro na same shi a otal ɗinsu a Ulayya. Yana zaune a falon ƙasa yana shan gahawa da dabino. Da ya gan ni ko kunya babu, hannu ya buɗe.

“Almu! Ka ji aikin? Ka ji yadda ya fito?”

Na ce, “Dabo, me ka yi wa Ghali?”

Ya ce, “Tashinsa na yi. AI ake ce masa. Bayan kaset ɗin nan inda yake shi kaɗai, shi muka ba kwamfuta ta koyi muryar. Yanzu duk abin da na rera, da muryar Ghali yake fita. Ko karatun labarai kake so zai yi maka.”

Na ce, “Mutumin da ya rushe wa Inna rumfa?”

Sai ya yi dariya ya ce, “Haba Almu, ana ta tafiya kai kana nan a rumfar waina. Alhaji ma bai tuna ba. Da na ba shi labari dariya ya yi har da riƙe ciki, ya ce ai wannan ya fi daɗi. Ghali ya mutu ba wanda ya san shi bayan tashar Kawo, yau har Abuja ana jin sa. Da yana raye da tuni ya waye kamar kowa.”

Na ce da yana raye da ya fasa maka baki.

Ya matso ya rage murya. Wai Alhaji yana sama, in zo mu hau a ɗauki bidiyo, in ce ina wurin ranar da Ghali ya rera ta. Wai za a mayar da ni gida a ba ni ofis, in huta da jigilar leburori da furfura a kaina. Yana maganar yana tsotsar ƙwallon dabino, ya tofa a hannu, ya ajiye kusa da kofina.

Wallahi hannuna ya tashi. Abin da ya riƙe shi, a ƙasar nan in ka mari mutum a otal, takardar izinin zamanka ta tafi, daga ofishin 'yan sanda sai filin jirgi. Kuma na duba fuskar tasa tana ƙyallin mai, na ji ba na son fatata ta taɓa ta. Na ce ya ba ni kaset ɗina. Ya ce yana ofishinsa a Kaduna cikin durowa, duk mai so ya je ya ɗauka, shi ya riga ya tsotse abin da ke ciki.

Na shiga banɗakin otal ɗin na wanke hannu har gwiwa da sabulunsu, alhali ban ko gaisa da shi ba.

Game da maganar da Hajjo ta tsayar da ke a kanta: da na ce ya yi abin da ya kamata, wanke ƙura nake nufi. Ban san an kai zamanin da za a ari bakin mamaci ba. Na ga Dabo, raina bai kwanta da shi ba, na kuma miƙa masa. Wannan kam wautata ce. Amma sayarwa, ki gaya mata ta bari sai mun tsaya gaban Allah ta tambaye ni.

Ofishin yana kan titin da ya bi bayan tsohuwar silima, bene mai launin jam'iyyarsu. Kada ki je ke kaɗai.

Baffanki,
Almustafa

*

Tudun Wada, Kaduna

Baffa,

Assalamu alaikum. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ka riƙa shan ruwa ko ba ka jin ƙishi, wannan ma'aikaciyar jinya ce ke magana ba 'yarka ba. Ka yafe mini zargin da na bari ya shiga raina.

Na saɓa maka, na karanta wa Umma takardar duka har da maganar asibiti. Sai ta shiga ɗaki ta sako hijabi ta ce in wuce mu je.

Dabo bai dawo ba, sakatarensa muka tarar, ana ta sa waƙar a lasifika, matasa suna karɓar riguna. Ya ce sai oga ya ba da izini. Umma ta ja kujera ta zauna a tsakiyar ƙofa ta ce ita ce matar wanda ke waƙar nan, kuma ba mai shiga ba mai fita sai an ba ta kayan mijinta. Da mutane suka fara ɗaga waya suna ɗauka, sai ga kaset ya fito. A cikin ledar suya aka miƙo mana shi, Baffa, da mai da yaji a jikin kwalin. Umma ta goge shi da gefen hijabinta.

A Kasuwar Barci muka sayi rediyo mai cin kaset. Muka kawo gida muka rufe ƙofa.

Zan gaya maka abin da ban gaya wa Umma ba. Da “Rusau” ta fara, Abba ya ce “Uwais”, sai na ji kunnena yana jiran “kai ne gatan Inna”. Bakina har ya fara motsi. Na sha jin ta ƙaryar har ta zauna mini, ta gaskiyar ce ta zo kamar baƙuwa. Na ji ƙyamar kaina kamar in cire kunnuwan in wanke. Wannan ne ba zan yafe wa Dabo ba.

Sai muka juya bayan. Ashe ba waƙa kaɗai ba ce. Abba ya yi tari, ya ce, “Oga Bitrus, a sake, na ci kalma.” Ya yi dariya. Ya ce, “Yaya, miƙo ruwan nan.” Sai ga muryarka kana cewa ya yi sauri kana da rediyon mutane a shago. Umma ta sa hannu ta rufe baki. Muka yi ta mayarwa har na ji tsoron kada zaren ya tsinke, na kai wani shago aka juye mini shi a waya ina tsaye a kansu.

Yanzu ga shawarar da nake nema. Ina so in sa “Rusau” ta gaskiya a intanet, da bayanin abin da aka yi. Dabo ya riga ya ji labarin zuwanmu. Ya turo mini saƙo wai yana gaida 'yarsa ma'aikaciyar gwamnati, Allah ya tsare mata aikinta. Na gane abin da yake nufi. Umma ta ce ita ba ta hana ba, ba ta sa ba. Kai me ka ce?

Ta kuma ce in gaya maka, maganar kayan Sallah, in ka riga ka saya kada ka yi asara.

'Yarka,
Muhibba

*

Riyad

'Yata,

Wa alaikumus salam. Jiki alhamdulillahi, ina shan ruwan. Ki ce wa Hajjo na ji, na gode.

Ba zan yi miki ƙarya ba. Mutanen nan suna iya taɓa aikinki, kuma ni daga nan ba abin da zan iya tare miki, fasfo ɗina ma sai na nemi izinin kafil, ubangidan da ya kawo ni, nake ganinsa. Sauƙi ne in zauna a Riyad in ce ki yi jarumta. Don haka ba zan ce ba. In kin bari, ba ki ci amanar kowa ba, ubanki zai fi son ki da aikinki a kan waƙarsa.

In kuma kin sa, ki sa sunana cikakke. Ki ce Almustafa, wan Ghali, mai kiɗan Tartsatsi, yana raye, yana tuƙa bas a Riyad, kuma ya ce duk wanda ya ce Ghali ya yabi Uwais maƙaryaci ne. Na turo miki bidiyo ina faɗin haka da bakina, a cikin bas na ɗauka lokacin hutun azahar. Ki yi haƙuri da ƙarar injin haƙa.

Baffanki

*

Wani ƙauye bayan Birnin Gwari
Ƙarshen damina

Baffa Almustafa,

Assalamu alaikum. Da fatan jiki ya yi ƙarfi. Ka ga adireshi ya canza. Ina lafiya, sai sauro. Sai na hau tudun bayan asibiti nake samun sabis, shi ya sa ka ji ni shiru.

Na sa waƙar, da bidiyonka, da bayani. Ba a yi mako ba takardar canjin wurin aiki ta fito. Shugabarmu ta miƙo mini tana kallon ƙasa, ta ce daga sama ne. Asibitin nan ɗaki biyu ne, ni da wani dattijo mai ba da magani. Matan garin suna da kirki, har sun fara kawo mini ƙwai.

Canjin bai dame ni kamar abin da zan gaya maka ba. Na zaci in mutane suka ji ta gaskiyar za su ji kunya. Baffa, cewa suka yi tamu ce ta bogi. Wai 'yan adawa ne suka sa kwamfuta ta kwaikwayi marigayi don a ɓata Alhaji. Wani ya rubuta cewa duk mai kunne ya san muryar Ghali, kuma wannan mai shashshaka ba ita ba ce, ta asali ta fi fita tas. Wani ya ce in ji tsoron Allah in bar mamaci ya huta. Kai kuma sun ce an ɗauko wani tsohon direba a Saudiyya an ba shi abin faɗa. Dabo ya shiga rediyo ya yi kuka, ya ce abin da ya fi ƙona masa rai shi ne yadda aka yi amfani da marainiya. Alhaji Uwais ya ci zaɓen fid da gwani. An ce a wurin murna Abba ya yi sabuwar waƙa.

Akwai 'yan kaɗan da suka yarda. Wani tsohon direban tasha ya rubuta cewa shi ya san Ghali, ba zai yabi kantoma ba ko da wuƙa a wuya. Wata mata daga Kafanchan ta ce ita 'yar Oga Bitrus ce, babanta yana raye, ya ji ya gane aikinsa, ya yi ta kuka yana tambayar ina Almustafa. Na ba ta lambarka.

Ranar da zan taho na tambayi Umma ko in goge abin, tunda ba wanda ya ji sai zagi. Tana ɗaure mini garin kunu a leda. Ta ce in bar shi inda yake.

Na ce, “Umma, duk gari sun ce ba shi ba ne.”

Ta ce, “Duk gari ne suka aure shi?”

Rediyon da kaset suna ɗakinta yanzu. Maƙwabciyarmu ta gaya mini a waya cewa in motar kamfen ta shigo layinmu, Umma takan fito da rediyon ta ajiye a dakalin ƙofar gida, ta ƙure ƙara, ta zauna kusa da shi tana tsince shinkafa. Lasifikarsu ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, ba mai jin nata sai wanda ya zo dab da ita. Ba ta tashi sai sun wuce.

Ka gaida mutanen ɗakinku.

'Yarka,
Muhibba Ghali